Babi na Biyar: Babura da Hanyoyin Kafanchan

Garin Kafanchan jirgin ƙasa ne ya raya shi, domin a nan ne layin dogon da ya taso daga Fatakwal, ya ratso Inugu da Makurɗi, ya rabu biyu a shekarar 1927, reshe ɗaya ya nufi Kaduna, ɗayan kuma ya hau tudun Jos. Yau da zirga-zirgar jirgin ta ja baya, abin hawan da ke haɗa garin da ƙauyukan da ke kewaye da shi shi ne babur, wanda jama'a suka fi kira mashin. Duk mai son ya kwatanta ire-iren baburan da ake hawa a wannan yanki, tilas ne ya fara da duba ƙasar da suke takawa, saboda ta sha bamban da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar Kano ko Katsina. Kafanchan tana gindin duwatsun Kagoro ne, a gefen tudun Jos, inda ruwan sama yake sauka tun daga watan Afrilu har zuwa Oktoba, inda kuma hanyar kwalta da ta nufi Kagoro da Manchok, ko Kwoi, ko Zonkwa, ko Gidan Waya, take rabuwa zuwa ƙananan hanyoyin burji da na jar ƙasa masu hawa da gangara, waɗanda suke zama gargada da rani, su koma santsi da damina. Babur ɗin da ya yi suna a titunan birni yana iya kunyata mai shi a irin wannan ƙasa.

Baburan da suka ratsa tarihin yankin sun kasu gida huɗu, ko da yake ba a lokaci ɗaya suka yi tashe ba. Na farko shi ne Vespa, ƙirar kamfanin Piaggio na Italiya da ta fito a 1946, wadda ta zama abin hawan malaman makaranta, da ma'aikatan jirgin ƙasa, da akawuna, musamman bayan ƙarin albashin Udoji na tsakiyar shekarun 1970, lokacin da ƙananan ma'aikata da yawa suka sami kuɗin sayen abin hawa a karon farko. Na biyu shi ne wanda ake kira roba-roba, wato babur mai buɗaɗɗen tsakiya da rufin roba a gaban ƙafafu, wanda asalinsa Honda Super Cub ce ta 1958, ƙirar da aka ƙera fiye da miliyan 100 daga cikinta zuwa shekarar 2017, kuma kamfanonin ƙasar Sin irin su Lifan da Haojue suka kwaikwaya suka cika kasuwa da ita. Na uku shi ne Jincheng AX100, wanda aka gina bisa fasahar Suzuki, ya kuma zama jigon sana'ar acaɓa daga ƙarshen shekarun 1990. Na huɗu, wanda ya mamaye tashoshi a yau, shi ne Bajaj Boxer na ƙasar Indiya da takwarorinsa irin su TVS da Honda Ace, wadda kamfanin Honda ya fitar a 2011 daga masana'antarsa ta Ota a Jihar Ogun. Manyan baburan tsere masu injin cc 600 zuwa sama kuwa baƙi ne a Kafanchan, sai dai a gan su sun shigo daga Abuja ko Jos a lokacin bukukuwan ƙarshen shekara.

Sarrafuwar babur, wato yadda yake bin umarnin mai tuƙa shi a kwana da gangara da wuri mai ramuka, ta dogara ne da farko a kan girman taya. Tayar Vespa inci 10 ce, a tsofaffin ƙira ma inci 8, alhali roba-roba da Boxer suna da taya mai inci 17. Ƙaramar taya tana faɗawa cikin rami har ƙasansa sannan ta yi karo da bakinsa, babbar taya kuwa tana haye shi ta taɓa gefensa kawai, don haka a hanyar da ruwa ya zaizaye, mai Vespa yana jin kowane rami a hannuwansa, kan babur ɗin kuma yana iya fizgewa gefe ba shiri. Ƙari a kan haka, injin Vespa yana rataye ne a gefen dama kusa da tayar baya, abin da ke sa gabanta ya yi rashin nauyi, ya kasa kama ƙasa da kyau a kan tsakuwa. Wannan ne ya sa Vespa ta tsaya a cikin gari, tsakanin gida da ofis da wurin ibada, ba ta taɓa zama abin hawan manomin citta ba, duk da irin martabar da ta ba mai ita.

Abu na biyu shi ne abin da masana ke kira cibiyar nauyi, wato wurin da nauyin babur da na abin da ya ɗauka yake tattaruwa. Idan wannan wuri yana ƙasa-ƙasa, babur yana da sauƙin riƙewa a tafiyar hankali, kuma idan ya karkata ƙafa ɗaya ta isa ta tare shi. A nan roba-roba ya fi kowa, domin injinsa a kwance yake a ƙasa, ƙaramin tankinsa mai kamar lita 4 yana ƙarƙashin kujera, ba shi da kulocin hannu, sai dai a taka giya kawai, shi ya sa ɗan koyo da dattijo da mace mai zane suke samun sauƙinsa a cunkoson kasuwa. Sai dai buɗaɗɗen tsakiyar da ya ba shi wannan sauƙi shi ne kuma rauninsa. Ƙarfen da ya haɗa gaba da baya ya lanƙwasa ƙasa don a sami wurin zura ƙafa, saboda haka idan an ɗora masa kaya masu nauyi yakan riƙa murɗawa a kwana, gaba na neman wani wuri baya na neman wani. Mai tuƙi kuma ba shi da tankin da zai matse da gwiwoyinsa, alhali matse tanki da gwiwa shi ne babban abin da ke haɗa jikin mutum da babur a hanya mai gargada. Boxer ya fi tsayi, ya fi nauyi, tankinsa mai kusan lita 10 yana sama a gaban mai tuƙi, don haka ya fi wuyar turawa da juyawa a lungu, amma da zarar ya kama hanya, ƙashinsa madaidaici da tsawon da ke tsakanin tayoyinsa suna sa ya riƙe layinsa ko da buhuna biyu a bayansa.

Akwai wata dabarar karya kwana da kusan kowane ɗan acaɓa yake yi ba tare da ya san yana yin ta ba. Da zarar babur ya wuce gudun mai tafiya a ƙasa, ba a shiga kwanar hagu ta hanyar juya kansa hagu. Ana ɗan tura hannun hagu gaba ne, tayar gaba ta kauce dama na ɗan lokaci, babur ya kwanta hagu, kwanciyar ce kuma take shigar da shi kwanar. Wannan dabara tana aiki ne muddin tayar gaba tana danne da ƙasa. Idan aka ƙara tsawon kariya, wato maɗorin kaya na baya, aka ɗaure buhunan citta ko doya har suka zarce tayar baya, nauyin yana ɗaga gaba, kan babur ya riƙa rawa, birkin gaba ya rage amfani, a hawan tudu ma tayar gaba tana iya barin ƙasa ɗungurungum. Gogaggun masu jigilar kaya daga gonakin Kwoi da Kachia sun gano maganin wannan da kansu, shi ya sa za a ga sun ɗora buhu ɗaya a kan tanki, su kuma sun matso gaba har kusa da kan babur. Kaya mai rai ya fi kowane kaya wuyar ɗauka, domin akuya, ko aladen da za a kai kasuwar Katsit da ke gefen Kafanchan, yana iya motsawa a tsakiyar kwana ya sauya cibiyar nauyi a lokacin da mai tuƙi ba shi da damar gyarawa.

A ƙasa mai duwatsu, gangara ta fi hawa haɗari, kuma a nan ne bambancin injuna yake fitowa fili. Injin Jincheng mai bugu biyu ne, wato fistin ɗinsa yana hawa ya sauka sau ɗaya a kowace ƙonawar mai, yana kuma ƙona baƙin mai tare da fetur, abin da ke ba shi kuzarin tashi da shuɗin hayaƙin da aka san shi da shi. Irin wannan inji ba ya riƙe babur sosai idan an saki totur, saboda haka dukkan aikin rage gudu yana komawa kan birki. Birkin waɗannan babura kuwa na kwano ne, wanda takalmansa ke goga cikin wani kwanon ƙarfe a tsakiyar taya, kuma idan ya yi zafi a doguwar gangara, ko ya jiƙe bayan an ratsa rafi, kamunsa yana raguwa. Injin Boxer mai bugu huɗu ne, wanda fistin ɗinsa ke hawa ya sauka sau biyu kafin kowace ƙonawa, kuma idan aka sa ƙaramar giya aka saki totur, injin da kansa yana ja wa babur baya, birki ya sami hutu. Ga mai saukowa daga tsaunukan Kaura ko daga hanyar Ganawuri da kaya, wannan bambanci ya kai na shan mai muhimmanci, ko da yake ƙarancin shan man Boxer aka fi ambata idan ana bayyana dalilin da ya sa ya ture Jincheng. Al'adar kashe inji ko sa babur a furi a gangara don tsimin mai, wadda ta ƙaru bayan cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, tana zubar da wannan fa'ida baki ɗaya.

Batun jin daɗin zama bai kai wannan sarƙaƙiya ba. Boxer da TVS an ƙera su ne domin haya, da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, da shakazoba biyu masu tauri a baya, taurin da yake wahalar da mai tafiya shi kaɗai amma yake yin daidai idan an yi goyo. Roba-roba ya fi taushi ga mutum ɗaya, rufin gabansa yana kare wando da takalmi daga taɓo, shi ya sa ma'aikatan asibiti da malaman makaranta da masu shaguna suke son sa, amma da an goya babban mutum shakazobarsa takan ƙure, kowane rami ya isa ƙashin bayan fasinja. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne cewa mafi yawan gajiyar ɗan acaɓa tana zuwa ne daga kaɗawar inji da ke bi ta hannuwa da tafin ƙafa tun safe har dare, da kuma sanyin asuba na hunturu, wanda a gindin tudun Jos yake ratsa ƙirji, shi ya sa rigar sanyi mai kauri da safar hannu da hular sanyi suka zama kamar kayan sarki a tashoshin yankin daga Disamba zuwa Fabrairu.

Iska kuwa iri uku ce take taɓa mai babur a kudancin Kaduna. Akwai iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas, mai ƙura amma mai ɗorewa a fuska ɗaya, wadda ake iya jingina da ita a ci gaba da tafiya. Akwai iskar hadarin farkon damina, a watannin Afrilu da Mayu, wadda take zuwa bagatatan da ƙarfin da ke yaye rufin kwano. Akwai kuma iskar manyan motoci, wadda tirela ke turowa gabanta sannan ta zuƙo a bayanta, ta fara ture babur waje, daga nan ta jawo shi ciki. Ƙa'idar da ta shafi dukkansu ita ce ƙarfin iska yana ƙaruwa fiye da yadda gudunta yake ƙaruwa: idan gudun ya ninka sau biyu, bugunta yana ninkawa sau huɗu, don haka mai tafiyar kilomita 80 a awa yana fuskantar ninki huɗu na abin da mai tafiyar kilomita 40 yake fuskanta. Babur marar nauyi mai faɗin jiki shi ya fi shan wahala, kuma roba-roba ya haɗa duka biyun, ga rashin nauyi ga rufin roba da iska ke samun wurin kamawa. Boxer, da yake tsirara yake ba shi da rufi, iska tana ratsa tsakanin inji da tayoyinsa masu waya ta wuce, nauyinsa kuma yana taimaka masa. Manyan baburan tsere sun fi duka tsayuwa idan iskar daga gaba take, saboda an siffanta jikinsu don yanka ta, amma ƙasansu a kusa yake da hanya, tayoyinsu kuma na kwalta ne zalla, don haka fifikon nasu yana ƙarewa inda kwalta ta ƙare.

Duk da haka, a zahirin abin da ake gani a hanya, jikin babur shi ne ƙaramin ɓangaren abin da iska take bugu. Mutum uku a jere, ko katifa da aka ɗaure a tsaye, ko fallayen kwanon rufi, ko buhun gawayi a kwance, kowannensu ya fi babur ɗin faɗi, kuma yana sama da cibiyar nauyi, inda ɗan turi kaɗan yake isa ya karkatar da komai. Babbar riga idan iska ta cika ta takan ja mai ita baya, gefen zane ko hijabi kuma yana iya shiga wayoyin taya ko sarƙa, haɗarin da ya sa ɗan acaɓa mai hankali ba ya tashi sai ya waiwaya ya ce, "Mama, a tattara zane." Fasinjar da ta zauna a karkace, ƙafafunta biyu a gefe ɗaya, tana ƙara wa mai tuƙi aiki, domin nauyinta ya riga ya rinjaya gefe tun kafin iska ta zo. Saboda haka tambayar wane babur ne ya fi jure iska ba ta da cikakkiyar amsa sai an san abin da aka ɗora masa. Boxer ɗauke da katifa ya fi roba-roba marar kaya haɗari nesa ba kusa ba.

Wannan ya kawo maganar mahaya da al'adunsu, domin babur ɗin da ke tashar Kafanchan ba kasafai yake zama yadda ya fito daga kwali ba. Ana cire madubai saboda kada su karye a cunkoso ko kuma don a ce sun rage kyau, ana walda kariya mai tsawo, ana ƙara soso a kujera a lulluɓe ta da leda, ana naɗe tanki da kyalle, wasu kuma su huda salansa don ƙara. A bayan babur ana rubuta addu'a, ko ayar Littafi Mai Tsarki, ko kirari, ko sunan ƙungiyar ƙwallon Ingila. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan sauye-sauye yana taɓa sarrafuwa, cire madubi kuwa ya fi duka muni a hanyar da tireloli ke bi. Sana'ar kanta, wadda ake kira acaɓa ko kabu-kabu ko okada ko goyin, ta bunƙasa ne bayan matsin tattalin arzikin da ya biyo shirin gyaran tattalin arziki na SAP na 1986, lokacin da motocin haya suka yi tsada aikin albashi kuma ya yi wuya. Yawancin masu yin ta ba su suka mallaki baburan ba. Ko dai suna kai wa mai shi balas, wato kuɗin da aka yanka za a riƙa kawowa kullum, ko kuma suna biyan kuɗin babur ɗin kaɗan-kaɗan a kan farashin da ya zarce na kasuwa. Wanda balas ke jiransa da yamma shi ne mai yin goyon biyu da uku, shi ne kuma mai jinkirta sauya taya har sai zanenta ya shafe, kuma wannan lissafi ya fi duk wata ƙira tasiri a kan yadda babur zai tsaya a jar ƙasa mai santsi.

Zaɓin babur ma ba ra'ayin mahayi kaɗai ba ne. Bakanike da mai faci da mai sayar da kayan gyara suna da ƙuri'a a ciki, saboda babur ɗin da za a samu fulogi da sarƙa da takalmin birkinsa a Fadan Karshi ko Godogodo ya fi wanda sai an aika Kaduna. 'Yan kasuwar Ibo, waɗanda zamansu a Kafanchan ya faro tun zamanin jirgin ƙasa, su ne suka fi riƙe cinikin kayan gyara ta hanyar alaƙarsu da kasuwar Nnewi a Jihar Anambra. A tasha kuwa za a tarar da Bajju da Atyap da Ham da Fantswam da Agworok da Hausawa da Fulani, harshen Hausa ne yake haɗa su, da shi ake ciniki da shi ake zolaya. A garin da rikicin 1987 da na bayan zaɓen 2011 suka bar tabo har unguwanni suka rarrabu, ɗan acaɓa yana cikin 'yan kaɗan ɗin da sana'arsu ke tilasta musu ƙetare iyakokin nan sau da yawa a yini, ko da yake shi ne kuma farkon wanda ke janyewa idan gari ya ɗauki zafi. Akwai kuma fuskar nishaɗi, wadda take bayyana a rakiyar amarya, da gangamin siyasa, da bikin Afan na Kagoro da ake yi ranar 1 ga Janairu, inda samari ke jerin gwano suna wasa da babura, wasan da dattawa suke kira ganganci, kuma ba su yi ƙarya ba.

Hukuma ta daɗe tana kallon babur da ido biyu. Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta fara tilasta sa hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009, wasu mahaya a sassan ƙasar suka mayar da martani da kifa ƙwarya a ka, fasinjoji da dama kuma suka ƙi sa hular da wani ya cire, har yau kuwa dokar ba ta kama ƙasa ba a karkara. Daga baya dalilin tsaro ya rinjayi na haɗari. Kano ta hana acaɓa a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero, a 2014 kuma gwamnatin Mukhtar Ramalan Yero ta kafa dokar hana ta a manyan garuruwan Jihar Kaduna, ciki har da cikin garin Kafanchan, abin da ya buɗe wa keke mai ƙafa uku kasuwa. A ƙarshen Satumbar 2021 gwamnatin Nasir El-Rufai ta dakatar da hawan babur na haya da na kai har tsawon wata uku a matakin farko, a ƙoƙarin toshe wa 'yan bindiga hanya, saboda halayen da suka sa babur mai cc 125 ya dace da manomi, wato juriya a daji da ɗaukar mutum uku da tafiya mai nisa da tanki ɗaya, su ne suka sa ya dace da maharin ƙauye. Keke ya karɓi wani kaso na fasinjojin cikin gari, musamman mata da masu yara da masu gudun ruwan sama, amma ƙafafunsa uku suna buƙatar hanya mai faɗi kuma madaidaiciya, jikinsa mai tsayi da rumfa ya fi kowane babur kama iska, yana kuma saurin kifewa idan taya ɗaya ta faɗa kwazazzabo. Saboda haka jigilar citta da doya da marasa lafiya daga ƙauyukan da ke bayan duwatsu ta ci gaba da zama a kan Boxer da takwarorinsa, a lokacin da doka ta yarda da lokacin da ba ta yarda ba.